Kawu Lawali na Wucin Gadi

Duk wanda ya taɓa kai dabbarsa wurin Kawu Lawali a Babura ya san ba a fara komai sai saniya ta ga takarda. Ku da kuka san shi, na san kun riga kun fara murmushi. Zai jingine kekensa, ya gaida garke tukuna kafin ya gaida mai garke, sannan ya sa hannu a wuyan rigarsa ya zaro 'yar jakar fatar nan mai kama da laya. Ya buɗe ta a hankali, ya ware takardar, ya kai ta daidai idon saniya.

"To, baiwar Allah, ga shi. Kin gani? Da izini na zo miki."

Sai ta lumshe ido ko ta kaɗa kunne, sannan zai ninke takardarsa ya ɗauko allura.

Wata ranar kasuwa, a kara, Ardo Jaɓɓo ya kasa daurewa. Shi ne babban Fulanin rugagen da ke tsakaninmu da Kanya Babba, dattijo mai son tsokana.

"Likita, wai nagge ta iya Turanci ne?"

"Ba ta iya ba," in ji Kawu, ko ɗaga kai bai yi ba. "Ni ma ban iya ba. Amma ni da ita duk mun ga hatimi."

Kawu Lawali yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mutanen wani ƙauye ne can bayan Magarya, a ƙasar Nijar. Aure ya kawo Inna Babura, shi kuma aiki ya kawo shi. A can ya yi karatun likitan dabbobi, a hannun Faransawa. Bayan an samu mulkin kai, lokacin da cutar bushiya ke kwantar da shanu garke-garke, aka shiga neman masu allurar rigakafi ta ko'ina, aka aro shi ya tsallako. Da yake takardar karatunsa ta wata ƙasa ce, ba a ba shi cikakken lasisi ba. Izini aka ba shi na wucin gadi, na wata shida. In ya ƙare, ya je Kano a buga masa sabon hatimi. Ina goye a bayan Inna ya zo. Har na shiga kwalejin horon malamai yana nan, yana cikin wata shidansa.

Duk zamansa a cikinmu a jikin wannan 'yar takarda yake rataye. Ranar da aka ƙi sabunta ta, ranar zai daina taɓa dabba a ƙasar nan, ranar kuma zai ɗaure kaya. Mahaifina, Malam Sule, shi ya fi kowa damuwa da wannan. Kusan duk juma'a sai ya tada maganar.

"Yaya, don Allah ka nemi cikakken lasisin nan, hankalin kowa ya kwanta."

"In yi me da shi? Ni baƙo ne, Sule. Da an gama rigakafin bana zan tafi."

Aka gama na bana, aka gama na baɗi, bushiya ma ta yi sauƙi, Kawu na nan yana shirin tafiya. Har yara suka sa masa suna Likita Wucingadi, kuma amsawa yake yi.

Kun tuna ɗakinsa na kusa da zaurenmu? Akwatin ƙarfe ɗaya, ɗaure da igiya kamar yanzu mota za ta tsaya. In zai ɗauki riga ya kwance, ya ɗauka, ya sake ɗaurewa. Inna ta yi ta fama ya bari a yi masa daɓe a ɗakin, ya ce wa za a bar wa? Wata shekara Baba ya samu ciniki, ya sayo masa gadon ƙarfe daga Kazaure, da katifar rimi, aka ɗauko a kan jaki ana ta murna. Kawu ya yi godiya har da hawaye. Da safe Inna ta aike ni kai masa koko. Na yi sallama na leƙa, sai ga Kawu a ƙasa kan tabarmarsa, keke kuma yana kwance a kan katifa, an lulluɓe shi da mayafi!

Na ruga na kira Inna. Ta zo ta riƙe haɓa.

"Yaya! Wannan wane irin wulakanci ne? Gadon da Malam ya saya maka?"

"Ke Rakiya, yi hankali. Keken nan a Kano aka saye shi, ɗan ƙasa ne. Shi ya cancanci gado. Ni in na saba da katifa, wa zai ɗauka mini ita zuwa Magarya?"

Inna ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba, amma keken nan, wallahi, har ya tsufa a gado yake kwana.

Sai kuma rigimarsa da Sarkin Fawa, wanda ke fama da ciwon gwiwa. Ya ga yadda sa gurgu ke miƙewa bayan allurar Kawu, sai ya ƙudura shi ma ita zai sha. Ya zo har zaure da sandarsa.

"Likita, ka tsira mini irin ta bijimin Ardo. Na gaji da maganin asibiti, ruwa ne."

"Izinina na masu ƙafa huɗu ne, Sarki."

Sarkin Fawa, mutum mai jiki, mai rawani, ya ajiye sanda, ya durƙusa a tsakar zaure, ya dafa hannu biyu a ƙasa.

"To ga huɗu. Bismilla."

Kawu ya tashi ya kewaya shi a hankali, kamar mai taya dabba a kara. Ya duba gaba, ya duba baya, ya girgiza kai.

"Ƙafa ta cika. Wutsiya fa?"

Sai da mutum biyu suka kama Sarkin Fawa kafin ya iya tashi, rabi don gwiwa, rabi don dariya.

Amma abin da aka fi tuna shi da shi, shi ne kwanakin da muke kira na riƙon hannu. Wani lokaci izinin kan ƙare kafin sabo ya fito, ko akawun da ke riƙe da hatimi ya yi tafiya, ko an ce a dawo. A irin wannan tsakani Kawu yakan kulle jakar allurarsa a akwati, ya riƙa yawo cikin gari hannuwansa a baya, ɗaya riƙe da ɗaya, kamar yana tsoron kada su gudu su taɓa akuyar wani.

A irin wannan lokaci ne na bi Inna rugar Ardo barkar haihuwa, ina hutun makaranta, Kawu ya raka mu. Damina ce, gero ya kai ƙugu, hanya sai ƙanshin ƙasa da tafasa. Muna isa muka tarar babu mai kula da mai jego, kowa yana bayan ruga. Jar karsanar Ardo, wadda ya fi so duk garken, tana naƙudar fari tun safe, ƙafar maraƙi ɗaya ta fito, ɗayar ta maƙale. Ta kwanta, idonta ya yi fari.

Ardo ya taho da gudu, tsoho da shi.

"Likita! Allah ne ya kawo ka!"

"Allah ne ya kawo ni, amma ba da takarda ba. Ta ƙare shekaranjiya."

"Kai, Likita! A dajin nan wa zai gani?"

"Ita za ta gani."

Ardo ya yi roƙo, ya yi zagi da Fillanci, ya koma roƙo. Kawu bai saki hannunsa ba. Na ga jijiyar wuyansa tana motsi, na ga yatsunsa a baya suna murɗa juna. Can sai ya je ya tsuguna a gaban karsanar, ya juya wa Ardo ƙeya, ya fara magana da ƙarfi yadda duk ruga za ta ji.

"Sannu, baiwar Allah. Kin ga ni ba ni da izini, hira kawai na zo mu yi. Amma da ni mai izini ne, da sai in ce wa mai ke ya wanke hannunsa da sabulu har kafaɗa. Ya shafa man gyaɗa, kada ya yi rowa."

Ardo bai gane ba. Matarsa ce ta fara ganewa, ta ruga ta kawo ƙwarya da sabulu.

"Da kuma sai in ce kada ya ja, don na san shi da gaggawa. Ya jira ki huta da nishi, ya tura ɗan baya kaɗan, ya bi wuya ya lalubo gwiwar da ta lanƙwashe. Ya rufe kofaton da tafinsa don kada ya yage ki."

"Likita, na ji gwiwar! Dama ko hagu zan juya?"

"Wa ke magana? Ni da saniya nake." Ya ƙara matsawa kusa da kunnenta. "Kin ji wani yana tambayar dama ko hagu. Ki ce masa sama zai ɗago, ba tuƙa tuwo yake ba."

Haka aka yi ta yi, Ardo na gumi a baya, Kawu na gumi a gaba, har maraƙi ya sulluɓo ƙasa yana atishawa. Mata suka ɗauki guɗa. Kawu ya miƙe, hannuwansa har yanzu a baya. Ardo ya zo zai rungume shi da jini da komai.

"Tsaya can! Me na yi? Kai dai Ardo ka yi sa'a, saniyarka tana da bakin magana."

Ni a lokacin dariya kawai nake. Sai daga baya, a ɗakin kwananmu na kwaleji, in ruwa yana sauka a kan kwano, nakan tuna yatsun nan da ke murɗa juna.

To, sai kuɗin mai suka shigo ƙasa. Aka fara shimfiɗa kwalta, samari suka sayi babura, aka ce za a gina wa garinmu asibitin dabbobi na siminti. Nan fa Baba da Ardo da Sarkin Fawa suka haɗa kai. Wa ya cancanci ya riƙe asibitin nan in ba Likita ba? Amma ba a ba mai wucin gadi irin wannan kujera. Tunda shi ya ƙi nema, su za su nema masa, a ɓoye, su dawo masa da albishir. Mu a wurinmu ai haka ake yi: in kana son a yi wa naka alheri, sai dattawa su sa manyan riguna su je gaban mai iko su faɗi halinsa.

Suka shiga motar kiya-kiya zuwa Kano, Ardo rungume da ƙwaryar man shanu. Baba ya ba mu labarin nan sau da yawa, kuma kullum a wuri ɗaya muryarsa ke sauka. A bakin ofis suka tarar da tsohon akawun da ya saba buga wa Kawu hatimi. Da ya ji abin da ya kawo su, sai ya miƙe tsaye.

"Alhazai, ku bar maganar nan a wurina. Ku koma gida."

"A'a," in ji Sarkin Fawa. "Mu ba wurin yara muka zo ba. Mai gidan da kansa muke so."

Mai gidan kuwa wani matashin likita ne, bai daɗe da kama aiki ba, mai ladabi. Ya ba su kujeru, ya sa aka kawo musu lemo mai sanyi. Suka gyara zama suka shiga yabo, kowa na son ya fi ɗan'uwansa.

"Ranka ya daɗe," in ji Ardo, "shanun da ya fara yi wa allura, yau jikokin jikokinsu yake yi wa."

"Tun da aka sauke tutar Turawa yake tare da mu," in ji Sarkin Fawa. "Ko damina ɗaya bai taɓa yi a ƙasarsu ba. Daga Babura har Roni, har Gwiwa, babu rugar da ba ta san ƙarar kekensa ba."

Baba ya ga an bar shi a baya, ya ce, "Ni 'yata ma da ya tarar a goye, yanzu tana kwaleji."

Matashin ya ajiye alƙalaminsa.

"Baba, ku gafarce ni. Da izinin wucin gadi kuka ce yana aiki?"

"Shi ne ai muka zo a gyara!"

Matashin ya dubi tsohon akawun da ke tsaye a bakin ƙofa kansa a sunkuye. Sannan ya yi musu bayani a hankali. Shi wannan izini an yi shi ne don baƙon likita da ya zo wani aiki takamaimai ya koma. Ana iya ƙara masa wa'adi sau ɗaya ko biyu. In ya wuce haka, doka ta ce ko ya zauna jarrabawar cikakken lasisi, ko ya ajiye aiki. Jarrabawar kuma a rubuce take, da Turanci.

"Da ban sani ba, da shi ke nan," in ji shi. "Amma ga ku dattawa uku, kun zo kun sanar da ni da bakinku, a gaban ma'aikatana. Ba ni da ikon sake sa hannu. Ku ce ya zo ya zauna jarrabawar, wallahi zan taimaka masa iyakar iyawata."

Baba ya ce lemon nan a hannunsa ya ɗumame, bai ƙara kurɓa ba. Da suka iso Babura, man shanun ma Ardo a mota ya manta shi.

Washegari da hantsi suka zauna a zaure suka gaya masa. Na zo hutu, ina daga soro na ciki ina ji. Na zaci zai yi faɗa. Sai na ji ya ce, "Tsaya, Sule. Ardo ya ce jikokin jikoki?"

"Ya ce."

"Sarkin Fawa ma ya yabe ni? Duk da wutsiyar?"

"Ya fi kowa."

"Kai! Ashe haka nake, ban sani ba!" Ya yi dariya sosai, shi kaɗai.

Ya gwada, kada wani ya ce bai gwada ba. Duk hutun nan muna zaune gindin dalbejiyar ƙofar gida, ni da shi da littafin 'yan aji ɗaya. Mutumin da ya iya Faransanci, ya iya ajami, ya iya Fillanci kamar a ruga aka haife shi. Amma shekaru sun ja, kuma tsoro ya riga harafi shiga. A nan na gane cewa duk "ni baƙo ne" ɗin nan, rabinsa tsoron wannan rana ne. Hannun da ke juya maraƙi a cikin uwarsa, shi ne ya kasa juya fensir. Wata rana da la'asar ya rufe littafin ya miƙo mini.

"Ɗiyata, bar shi. Kaina ya cika da shanu, babu wurin da wani yare zai kwanta."

Ardo ya zo da mutanensa suka ce ya ci gaba haka nan, su shanunsu ba sa kai ƙara. Ya ce ya gode, amma shi bai iya ba. Sauran makonnin da suka rage masa ya yi su a kan keke, Kazaure, 'Yankwashi, Roni, Gwiwa, ruga-ruga, yana allura kamar ana korarsa, yana nuna wa makiyaya abin da za su yi in kaza ya faru. Ranar da wa'adi ya cika ya ɗauki akwatinsa. Ko minti biyar bai yi yana shiri ba. Inna ta tsaya tana kallon igiyar nan da ta yi shekaru tana yi wa tsiya.

Da sallar layya muka je gaishe shi, ni da Inna da Baba. Muka same shi a wani ɗaki a gidan ɗan wansa. Sa'o'insa duk sun rasu, yaran ƙauyen kuma ɗan Najeriya suke kiransa. Ya rame, amma da ya gan mu sai idonsa ya kawo haske.

"Ku zauna ku ji abin dariya. Na je ofishinmu na nan in karɓi aikina. Suka duba, suka duba, suka ce ai an daɗe da cire sunana, dokoki ma sun sake. Amma kada in damu, kafin a nemo takarduna za a ba ni wani abu in riƙe. Ku faɗi mene ne."

Bai jira amsarmu ba.

"Izinin wucin gadi!" Ya buga cinya, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ƙasa biyu, ɗiyata, kowace ta ce ni baƙonta ne!"

Mu ma muka yi dariyar, don shi. Sai Baba ya zame daga kan tabarma ya durƙusa a gabansa, abin da ban taɓa gani ba.

"Yaya, ka yafe mana. Mu muka raba ka da aikinka."

"Tashi, Sule, yarinya na kallo. Me kuka yi? Ƙarya kuka yi mini? Shaida kuka yi, mai kyau. Sai dai ta yi yawa."

Wannan izinin bai kai ga sabunta shi ba. Kafin ruwan farko ya sauka aka aiko mana da rasuwarsa. Fulanin da ke kiwo a can gefen sun ce da labari ya bazu, mutane suka yi ta tsallakowa daga ɓangaren nan, a ƙafa da kan jakuna, har liman ya tambaya ko wani basarake ne ya rasu.

An gama asibitin nan, an yi masa fenti fari. Yana kan hanyar kasuwa, amma har yau Baba ta bayan makaranta yake zagayawa, ko da rana ta take. Ardo ya daina tsokanar kowa a kara. Ni kuwa, in na ga garke ya ratsa burtali da yamma, sai in tsaya har na ƙarshe ya wuce, ban san me nake jira ba.

Ya Allah, ga bawanka Lawali. Mun taɓa yi masa shaida a gaban mutum, ta raba shi da mu. Yau muna sake yin ta a gabanka, ba mu rage ko kalma ɗaya ba: mutumin kirki ne, mai tausayin abin da ba ya iya magana. Ka karɓa daga gare mu, ka gafarta masa, ka sanyaya makwancinsa. Ka sanyaya zuciyar dattawan nan uku da suka so shi. Amin.